Me ya haɗa doguwar tafiya da lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffin sojoji?

Tambaya: Ina jin labarin masu tattaki ko gudun yada-ƙanin-wani a ƙasashen waje wai don tara wa tsofaffin sojoji da masu aikin ceto kuɗi. Ta yaya wahalar da kai ke zama kuɗi? Kuma za a iya yin irin wannan a Kano? Daga wani mai karatu a Dala, cikin birnin Kano.

Amsa: Malam, gumin da suke zubarwa ba shi ne kuɗin ba, hanya ce ta jawo hankalin jama'a. Mutum zai yi shelar cewa zai yi tafiyar kilomita kaza da sunan gidauniya kaza, sai 'yan uwa da kamfanoni su yi alƙawarin bayarwa, wani a dunƙule, wani gwargwadon nisan da aka ci. Galibi kuɗin kan faɗa asusun gidauniyar kai tsaye ta intanet, ba sa bi ta aljihun mai tafiyar.

A Birtaniya abin ya yi ƙarfi. A Disambar 2013 Yarima Harry ya bi ayarin sojojin da suka ji rauni a fagen daga, suka taka ƙanƙara har ƙarshen kudancin duniya, a ƙarƙashin ƙungiyar Walking With The Wounded. Ƙungiyar Combat Stress, mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffin sojoji tun 1919, da RNLI, mai ceton waɗanda teku ta rutsa da su tun 1824, duk suna samun wani kaso na kuɗinsu ta wannan hanya. A 2020 kuma wani tsohon soja mai shekara 99, Kyaftin Tom Moore, ya zagaya lambun gidansa sau 100 yana dogara da abin tafiya, ya tara wa gidauniyoyin asibitocin ƙasar sama da fam miliyan 32.

Dalilin ware ƙwaƙwalwa a irin wannan tallafi shi ne rauninta ba ya jini. Sojan da ya rasa ƙafa kowa na gani, kuma ga Asibitin Ƙashi na Dala nan kusa da kai mai kula da irin wannan. Amma wanda ya dawo daga Sambisa ko dazukan Zamfara da gaɓoɓinsa cif, yana iya kasa barci, ya riƙa mugun mafarki, ƙarar salansar babur ta firgita shi, ya yi ta fushi da iyali ba dalili, wani ya faɗa shaye-shaye. Likitoci sun san wannan ciwo na firgicin bayan tashin hankali, kuma yana da magani: zama da masana halayyar ɗan Adam, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyin magani. Ma'aikatan kashe gobara masu ciro gawa daga rijiya da kududdufi, da 'yan agaji masu kwasar waɗanda suka yi haɗari, su ma yana kama su. Abin da ke hana neman taimako shi ne kunya da tsoron a ce namiji ya taɓu. Idan tsohon soja ya fito yana tattaki yana faɗin abin da ke damunsa, ya rage wa 'yan uwansa wannan nauyi ko da bai tara ko sisi ba.

Mu ma ba baƙin tattaki ba ne. A 2015 Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Muhammadu Buhari, matasa da yawa suka bi sahu. Sai dai yawancin irin wannan na taya 'yan siyasa murna ne, kyautar kuma ta mai tafiya ce. Wanda ya fi kama da abin da ka tambaya shi ne Kunle Adeyanju, da ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas a 2022 don tara kuɗin yaƙi da shan-inna. Ta ɓangaren sojoji, Najeriya ta shiga gasar Invictus ta sojojin da suka ji rauni a Jamus a 2023, ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta shiga, kuma a Mayun 2024 Harry ya ziyarci majinyata a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna.

Saboda haka za a iya yi a Kano. Matasan unguwa na iya sa ranar hawa da saukar Dutsen Dala sau da yawa, ko tattaki daga Dala zuwa Asibitin Dawanau mai kula da masu taɓin hankali. Lokacin hunturu ya fi dacewa: ba zafi, kuma ana tunawa da mazan jiya ranar 15 ga Janairu. A nemi izinin hukuma, a tanadi ruwa da 'yan agaji, mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne amana. Tun kafin a ɗaga ƙafa a bayyana wanda zai amfana, ko reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion ne, ko Red Cross, ko sashen wani asibiti, kuma a yi amfani da asusunsu. Ko a Birtaniya, hukumar sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta gano a 2024 cewa wasu daga iyalin Kyaftin Tom sun amfana da gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya. Don haka duk mai tattakin da ya zo maka, tambaye shi asusun wa za a zuba kuɗin, da kuma ranar da za a karanta wa jama'a lissafi.