Idan An Yi Kuskure Wajen Juyen Man Giya

Wani maƙwabcina, malamin makaranta mai tattalin abin hannunsa, ya yi mini sallama bayan la'asar ransa a jagule, yana cewa Corollar da ya kai juye da safe lafiya lau ta dawo da wata ɗabi'a da bai san ta da ita ba: idan ya sa giya sai ta yi jinkiri kafin ta kama, idan kuwa ya taka totur injin ya yi ta kururuwa alhali motar tana jan ciki. Da na zaro sandar awon man giya na tarar da ita a bushe ƙayau, na zaro ta baƙin mai na ga ya haura alamar cika nesa ba kusa ba. Ashe yaron gareji notin giya ya kwance a maimakon na inji, ya tsiyaye jan mai, sa'an nan ya ɗura sabon baƙin mai lita 4 a kan tsohon da bai fita ba. Irin wannan gafala ba ta da wuyar aukuwa, domin notocin biyu maƙwabtan juna ne a ƙarƙashin mota.

Wajibi ne mai giya otomatik ya fahimci cewa man da ke cikinta ba don santsi kaɗai aka zuba shi ba, domin shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin tukunyar nan da bakanikai ke kira kwanbata, shi ne ke matse faya-fayan kuloci har giya ta kama, kuma shi ne ke kwashe zafi, abin da ba ƙaramar hidima ba ce a ƙasa irin tamu a watan Afrilu. Idan ya yi ƙaranci famfo zai zuƙi iska, matsi ya faɗi, faya-fayan su riƙa zamewa suna ƙonewa. Idan ya yi yawa ƙarafan da ke juyawa su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matsa kome, sai illar ta zama ɗaya. Saboda haka farkon magani shi ne a kashe inji nan take, kada a ce bari a lallaɓa a kai gida, kada kuma a ɗaura igiya a ja motar ƙafafun gaba suna ƙasa, domin famfon ba ya aiki sai inji na tafiya.

Awo yana da sharuɗɗa, kuma mafi yawan masu kuskure a nan suke sake wani. In sanda ta fito a bushe, a fara zuba lita 2 kafin a tayar da inji. Daga nan a tsayar da mota a wuri mai daidaito, a ja birkin hannu, a bari inji ya ɗumama, a taka birki a bi da giya daga P zuwa R, N da D, ana dakatawa kaɗan a kowane gurbi, a komo P. Toyota ana auna ta inji na aiki, amma tsofaffin Honda sai an kashe inji a auna cikin kamar minti ɗaya, kuma wanda ya ɗauki ƙa'idar wannan ya ɗora wa waccan ya yi ƙiyasi a inda bai halatta ba. A goge sandar da farin ƙyalle marar zare, a dubi launi, a sansana. Ƙari kuwa ta bututun sandar ake yin sa, da mazurari mai tsabta, rubu'in lita bayan rubu'i, ana sake awo, domin tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ba ta da yawa. In an zarce, sirinji babba da siririn tiyo sun isa a zuƙe rarar. Baƙin man da aka ninka wa inji kuma a juye shi duka, a zuba sabo daidai miƙdarinsa.

Mas'alar da ta fi wannan nauyi ita ce a zuba wa giya man da ba nata ba, domin jan launin mai ba hujja ba ne: wasu tsofaffin Toyota T-IV suke sha, na baya-baya WS, Honda DW-1, giyar CVT kuwa tana da nata na musamman wanda man giya na gama-gari ke yi wa mummunar illa. Sunan man da ya dace yana rubuce a kan sandar ko a littafin mota. Juye ɗaya ba ya fitar da abin da ya wuce lita 2 zuwa 4, mafi yawan sauran yana maƙale a kwanbata, don haka sai a juye, a auna abin da ya fita, a mayar da kwatankwacinsa na ainihi daga galan da ba a ɓalle hatiminsa ba, a ɗan zagaya unguwa, a maimaita har sau uku. A canja washar noti, kada a ɗaure shi da ƙarfin tsiya, kuma ina roƙon mai karatu don girman Allah kada ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Aikin gida yana da haddi. Idan man ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko aka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a kan ƙyalle, ko ya koma kamar koko saboda ruwan lagireto ya shige shi, ko kuma motar irin sababbin nan ce marasa sanda, waɗanda ake daidaita mansu ta wani noti a wani zafi ƙayyadadde da na'ura ke nunawa, to a ɗauko ta a kan babbar mota a kai wa gwanin giya.

Maƙwabcina Allah ya rufa masa asiri, gidansa ba nisa da garejin. Lita 3 ta sha, man ya tsaya ja garau ba wari, kafin magariba ribas ta kama ba gardama. Na ce masa, "Malam, ka sake aunawa bayan mako guda, ka kuma shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da daddare, ka duba da asuba ko noti na ɗiga."