Nafkin Ɗin Jariri: Abin da Za Ki Yi da Wanda Ba Za Ki Yi Ba

Tsadar famfas ta mayar da mata da yawa kan nafkin, kuma babu laifi. Sai dai kuɗin da kika rage a kanti, a bakin baho za ki biya shi. Wadda ba ta shirya wankin kullum ba, kada ma ta fara.

Ki sayi na auduga zalla, mai jikin tawul, kuma fari. Farin ba don ado ba ne, don ki riƙa ganin kalar kashi ne. Baƙin kashin kwanakin farko ba komai ba ne, haka ma ruwan ɗorawa na mai shan nono. Amma kika ga jini, ko kashi fari fat kamar alli, asibiti za ki nufa a ranar.

Kada ki sayi rabin dozin ki ce kin gama. Sabon haihuwa kan ɓata 10 zuwa 12 a kwana guda. Dozin biyu shi ne mafi ƙaranci, da damina ma ki ƙara.

Ki wanke sabo kafin ki ɗaura, sau biyu ko uku. Sai an wanke yake shan ruwa.

Ki duba yaro duk bayan awa 2 ko 3, kashi kuwa ba ya jira. Ki riƙa ƙirgawa: daga kwana na 6, nafkin 6 jiƙaƙƙu a kwana guda alama ce nono yana isarsa.

Kada ki rufe cibiya. Ki naɗe nafkin ƙasa da ita har ta bushe ta faɗi. Kada kuma ki matse ƙugu. Yatsunki biyu su iya shiga. In da fil kike ɗaurewa, hannunki ya zama tsakaninsa da cikin yaro. 'Ya mace daga gaba zuwa baya ake share ta.

Kada ki bar yaro cikin wandon roba wuni guda, balle a zafin Afrilu. Robar tana kare zanenki ne, shi kuwa tana dafa masa cinyoyi. Ki riƙa kwance shi ya sha iska a kan shimfiɗa.

Yanzu ga inda akasari ake yin sakaci. Kashin jariri masai ake kai shi, ba kwata ba, ba bayan ɗaki ba. Masu cewa na yaro ba ya cutarwa su ne gudawa ba ta barin gidajensu. Ki ware wa nafkin baho nasa, ki wanke da ruwan zafi da sabulu, ki ɗauraye har kumfa ta ƙare ƙaf, sannan ki wanke hannunki da sabulu. Ragowar omo a jikin yadi ita ke saɓe fata, a zo ana cewa yaron ne ba ya son nafkin. Bula, sitaci da turaren wanki, babu ko ɗaya. Kada kuma ki bar bokitin jiƙo a buɗe a tsakar gida: ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe.

Ki shanya a igiya, cikin rana. Kada ki baza a ƙasa ko kan ciyawa a inuwa, don akwai ƙudan da warin fitsari ke janyo shi, ya yi ƙwai a yadi, tsutsar ta shige fatar yaro ta zama kamar maruru. Guga da dutse mai zafi tana kashe ƙwan. Mai ɗanshi kuwa ba a ɗaura shi, ko baƙi ne a ƙofa.

Kada ki bulbula hoda; yaro na shaƙarta. Man kaɗanya ko basilin kaɗan ya wadatar. In ƙuraje sun fito, kada ki karɓi mayukan nan irin su Funbact-A daga hannun maƙwabciya, maganin da ke ciki ya fi ƙarfin fatar jariri. Suka wuce kwana 3, ko suka fara ruwa, ki kai shi a duba.

Kai kuma maigida, tunda an sauke maka nauyin famfas, ruwa da sabulu da gawayin guga a wuyanka suke. Kada ka bari mai jego ta roƙa.