Darasi na 14: Hawan Dutsen Kamaru

Garinmu Duwala shimfiɗe yake, ba tuddai. Amma idan sama ta washe, mukan hango wani babban dutse can yamma. Shi ne Dutsen Kamaru. Tsayinsa ya fi mita 4,000. Dutse ne mai aman wuta, ya yi aman a 1999 da 2000.

Da rani, Malam ya kai mu ganinsa. Muka tashi daga New Bell da asuba, muka haye gadar Wuri, muka isa Buea da hantsi. Buea a gindin dutsen take.

Jagora ya ce, “Yara, ku sa rigunan sanyi. Kowa ya bi sawun na gabansa.”

Muka fara hawa cikin kurmi. Ƙanena ya ga muna nawa, sai ya ruga gaba shi kaɗai. Nan da nan hazo ya sauko, ya rufe hanya. Muka yi ta kira, shiru. Can jagora ya same shi a gindin wata bishiya, yana kuka, yana rawar sanyi.

Malam ya yafa masa bargo, ya ce, “Sannu ba ta hana zuwa.”

Kalmomi
dutse: la montagne
hazo: le brouillard
kurmi: la forêt
jagora: le guide

Tambayoyi
1. Wane gari ne a gindin dutsen?
2. Me ya sa yaron ya ɓata?
3. Me za ka yi idan hazo ya rufe ka?