Tayar Mota Da Iyakar Kayanta

Kowane manomi ya san kayan jaki dabam, kayan raƙumi dabam. Wanda ya aza wa jaki kayan raƙumi, lalle ba zai kai kasuwa ba. Jakin zai durƙushe a hanya, kayan su zube, mai shi ya yi hasara biyu.

To, tayar mota ma haka ta ke. Kowace taya tana da iyakar nauyin da za ta iya ɗauka. Masu yin ta sun auna, sun rubuta a jikinta. Cikin wannan darasi za mu koyi karanta wannan rubutu, domin mu san irin tayar da ta dace da a-kori-kura mai jan tirela.

Me ya sa jan tirela ya ke wahal da taya?

Da yawa cikinmu muna ɗaura wa a-kori-kura ƙaramar tirela, mu ɗauko buhunan masara, ko tankin ruwa, ko takin zamani. Waɗansu suna tsammani tirela ita ke ɗauke da kayanta duka. Ba haka ba ne. Bakin tirela yana danne ƙugiyar da ke bayan mota, ƙugiyar kuwa tana danne tayoyin baya.

Idan an yi lodi daidai, kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela ya kan sauka kan ƙugiya. Watau tirela mai kilo 1,500 ta kan aza wa ƙugiya kilo 150. Da ya ke ƙugiyar tana can bayan tayoyi, sai ta ɗaga gaban mota kaɗan, nauyin ya koma baya. Saboda haka abin da tayoyin baya su ke ji ya fi kilo 150.

Tayar da aka yi wa kayan da ya fi ƙarfinta ta kan lotsa. Tana juyawa tana lanƙwashewa, tana yin zafi. In zafi ya yi yawa sai roba ta rabu da wayar da ke ciki, taya ta fashe. Fashewar tayar baya ga mota mai jan tirela ba ƙaramin abu ba ne. Tirela ta kan fizgi motar, sitiyari ya ƙi jin direba. Rai da dukiya a ke magana.

Rubutun da ke jikin taya

Mu tsuguna, mu goge ƙura, mu duba gefen taya. Ga rubutun da a kan gani a tayar waɗansu motocin Toyota Hilux:

205 R 16 C 110/108 S

Bari mu bi shi ɗaya ɗaya.

205 shi ne faɗin taya, watau milimita 205.

R yana nuna yadda aka jera zaren da ke cikin taya. Kamfanin Michelin na ƙasar Faransa ne ya fito da wannan iri a 1946, yanzu kuwa kusan duk ƙananan motoci shi su ke sawa.

16 shi ne girman wilin da tayar ke zama a kai, inci 16.

C alama ce ta tayar aiki, wadda aka yi domin ɗaukar kaya. A tayoyin da aka yi bisa tsarin Amurka, haruffa biyu a ke sawa, LT. Ma'anar ɗaya ce.

110/108 ita ce lambar nauyi. Ita ce kan maganarmu.

S harafin gudu ne. Yana nuna tayar ba ta jure gudun da ya wuce kilomita 180 a awa ɗaya. Wannan iyakar taya ce, ba izini aka ba direba ba.

Lambar nauyi

Lambar nauyi ba kilo ba ce. Kada mu ga 110 mu ce kilo 110 ke nan. Kowace lamba tana da nauyin da aka yanka mata, kuma duk kamfanonin taya sun yarda da shi. Ga kaɗan daga ciki, sai mu kwafe su a littafinmu:

Lamba 95, kilo 690.
Lamba 100, kilo 800.
Lamba 104, kilo 900.
Lamba 106, kilo 950.
Lamba 108, kilo 1,000.
Lamba 110, kilo 1,060.
Lamba 115, kilo 1,215.
Lamba 120, kilo 1,400.

Wannan nauyin taya ɗaya ne tak. To, don me aka sa lamba biyu, 110 da 108? Ta fari domin motar da ke da taya ɗaya a kowane gefe ce, kamar a-kori-kura. Ta biyu domin motar da a ke haɗa taya biyu a gefe guda ce. Mu dai ta fari za mu bi.

Wanda ya manta wannan jeri, sai ya nemi ƙananan haruffa kusa da bakin wili, inda aka rubuta MAX LOAD. Lambar da ke biye da su, wadda aka sa wa KG, ita ce iyakar nauyin tayar da kilo.

Maganar ninki

Mai sayar da taya ya kan ce, "Wannan mai takwas ce," ko "Wannan mai goma ce." Abin da ya ke nufi shi ne rubutun 8PR ko 10PR. A zamanin da, da zaren auduga a ke ninka taya, ninki bisa ninki. Mai ninki takwas ta fi mai shida ƙarfi. Yanzu da wayar ƙarfe da zaren roba a ke yi, ninkin bai kai haka yawa ba. Lambar ta zama ma'aunin ƙarfi kawai.

A tayoyin LT harafi a ke sawa maimakon lamba. C daidai ya ke da ninki 6, D ninki 8, E ninki 10. Mu lura, wannan C ba shi ne wanda ke bayan 16 ba.

Ninki yana gaya mana taurin taya da yawan iskar da za ta iya sha. Amma taya biyu masu ninki ɗaya, in girmansu ya bambanta, nauyin da su ke ɗauka ya bambanta. Saboda haka kada mu tsaya ga ninki. Mu nemi lambar nauyi.

Mu yi lissafi

A ce muna da a-kori-kura. A ce in ba kaya, tayoyinta na baya suna ɗauke da kilo 800. Muka zuba buhu 7 na masara a bodi, kowane buhu kilo 100. Kilo 700 ke nan. Da ya ke yawancinsa bisa tayoyin baya ya ke, bari mu ƙirga shi duka a kansu. Sa'an nan muka ɗaura tirela mai kilo 1,500. Mu sa mata kilo 200, saboda dannin da muka faɗa a sama.

800 da 700 da 200, sun tashi kilo 1,700.

Mu raba biyu. Kowace taya ta baya tana ɗauke da kilo 850.

Yanzu mu je shago. Ga taya mai lamba 100, mai araha. Iyakarta kilo 800. Ta gaza da kilo 50, tun mota ba ta faɗa rami ko ɗaya ba. Ga kuma mai lamba 110. Iyakarta kilo 1,060. Ta ɗauki 850, har da rarar kilo 210. Wannan rara ita ce garkuwarmu ran da hanya ta yi gargada, ko kaya ya karkata gefe guda. Ita za mu saya, ko da ta fi tsada. Araha ba ta ado.

Akwai wani abu kuma. Tayar motar shiga, wadda ba ta da C ko LT, gefenta ya fi laushi. A Amurka ƙa'ida ce, in an sa irinta a motar kaya, a rage kusan kashi ɗaya cikin goma daga nauyin da aka rubuta mata. Mai kilo 800 ta koma wajen 727 ke nan.

Wanda ya ke son ya san ainihin nauyin motarsa, sai ya kai ta babban sikelin da a ke auna motoci, ya ɗora tayoyin baya kaɗai a kai, da kaya da tirela duka.

Iska ce ke ɗaukar kaya

Nauyin da aka rubuta wa taya, sai ta sha iskar da ta dace ta ke ɗaukarsa. Taya mai ƙarfi in ba iska isasshe, ba ta fi mai rauni ba. A gejin mai faci, da PSI a ke auna iska. Tayar LT mai harafin C ta kan kai cikar ƙarfinta a 50, mai D a 65, mai E a 80.

Wannan iyaka ce, ba awon kullum ba. Awon motarmu yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a bakin ƙofar direba, ko cikin littafin motar. Sau da yawa awo biyu ne, na mota ba kaya da na mota da kaya. Ran jan tirela, na biyu za mu bi.

Mu auna iska da safe, tun taya tana da sanyi. In mun tsaya a hanya muka ga awo ya hau, zafi ne ya kawo haka. Kada mu sace iskar. Wanda ya sace, tayarsa za ta ƙara lotsawa, ta ƙara zafi. Mu bari ta huce. Mu ƙara kula da wannan a watan Maris da Afrilu, sa'ad da kwalta ke ƙuna.

Taya ba ta ƙara wa mota ƙarfi

Wani zai ce, "Tun da haka ne, bari in sa mai lamba 120, in ƙara buhu goma." A'a. Sifirin da birki da ƙugiya da wili suna nan yadda su ke, kowanne da iyakarsa. Masu ƙera mota sun buga nauyin da aka yarda mata a wani ɗan allo, a bakin ƙofa ko kusa da inji. Nauyin tirelar da za ta iya ja kuma yana cikin littafinta. In iyakar taya dabam, ta mota dabam, ƙaramar ita ce doka. Sabon kofato ba ya mai da jaki raƙumi.

Shekarun taya

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Mu nemi haruffan DOT, mu bi layin har ƙarshe. Za mu ga lamba huɗu. Biyu na fari mako ne, biyu na ƙarshe shekara. 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tun shekarar 2000 a ke rubuta shi haka. Tayar da ta shekara 5 tana aiki, a riƙa kai wa masani ya duba ko wace shekara. Wadda ta shekara 10, a cire ta ko da zanenta bai suɗe ba. Tayar gwanjo kuwa, ba mu san wahalar da ta sha ba. In mun ga tsaga ko ƙullutu a gefenta, mu bar ta.

Abin da za mu riƙe

Kada mu sayi taya mai lambar nauyi ƙasa da wadda motar ta zo da ita. Tayoyin baya biyu su zama iri ɗaya, girma ɗaya, lamba ɗaya. Safaya ma ta zama irinsu. Tayoyin tirela su ma a yi musu lissafi. Kaya mai nauyi a sa shi bisa tayoyin tirela ko ɗan gaba kaɗan, domin in ya taru a baya, tirela za ta yi ta lilo. Sa'an nan a rage gudu. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar C a cikin 205 R 16 C?
2. Taya mai lamba 106, kilo nawa ta ke ɗauka? Guda biyu fa?
3. Tirela mai kilo 1,500 ta aza 150 a kan ƙugiya. Tayoyinta biyu ne. Kilo nawa kowace ke ɗauka? Taya mai lamba 95 ta isa? Nawa ne rararta?
4. An rubuta 0821 a jikin taya. Yaushe aka yi ta?
5. Don me ba a sace iskar taya mai zafi?

Kafin darasi na gaba, kowa ya nemi mota a tasha ko a unguwarsu, ya nemi izinin mai ita, ya kwafo rubutun tayarta ta baya. Za mu karanta su tare a aji.