Yawan Jama'a, Ci-rani da Siyasa: Darasi Daga Ƙasar Babura

A cikin darussan labarin ƙasa akwai wani babi wanda ɗalibai kan haddace domin jarrabawa, su juye a takarda, su manta da shi. Watau babin yawan jama'a da ƙaura zuwa birane a ƙasashe masu tasowa. Littattafai sukan kawo misali da Indiya ko Barazil, sai ɗalibi ya ɗauka labarin waɗansu mutane ne can a bayan teku. Alhali kuwa in ya zaga ƙauyensu a watan Janairu, ya ƙirga samarin da suka rage a gida, to ya riga ya karanta rabin babin. Saboda haka a wannan darasi za mu ɗauki ƙasarmu ta Babura da maƙwabtanta, Kazaure da Roni da Gwiwa, mu bi mutum tun daga gonar ubansa har birnin Kano, mu ga inda siyasa ta tare shi a hanya.

Mu nawa ne?

Ƙidayar 1963 ta ce mutanen Nijeriya sun kusa miliyan 56. Ta 1991 ta ce kusan miliyan 89, ta 2006 kuwa ta ce miliyan 140. Tun daga nan ba a sake yin wata ba, domin wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, amma kiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mun haura miliyan 200. Jiharmu ta Jigawa tana da mutum miliyan 2 da dubu 875 a 1991, a 2006 kuma miliyan 4 da dubu 361. Ƙaramar hukumar Babura ita kaɗai ta wuce dubu 200 a 2006.

To, ku ɗauko alƙalami. Ƙarin da Jigawa ta samu tsakanin ƙidayoyin nan biyu ya kusa uku cikin ɗari a kowace shekara. Akwai wata dabara mai sauƙi ta gane lokacin da jama'a za ta ninka, ita ce a raba 70 da wannan adadi. In ka raba 70 gida uku, za ka sami 23 da ɗan ɗoriya. Ke nan yaron da aka haifa a shekarar ƙidayar 2006, kafin ya cika shekara 25 mutanen garinsu sun ninka, muddin tafiyar ba ta sake ba.

Kada wani ya zaci iyayenmu sun fi kakanninmu haihuwa ne. Abin da ya sake shi ne mutuwa ta ragu. Ku tambayi tsofaffi labarin agana, wadda aka bayyana kawar da ita daga duniya a 1980, da yadda ƙyanda da sanƙarau kan share yaran unguwa a bazara guda. Allurar rigakafi da asibiti da rijiyar burtsatse sun sa yaran da a dā ake binnewa yanzu suna girma su yi aure. Wannan abin godiya ga Ubangiji ne. Haihuwa kuwa tana nan kusan yadda take. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Jigawa takan haifi 'ya'ya wajen bakwai a rayuwarta, ta Legas kuwa uku ko huɗu.

Gona ba ta haihuwa

Bari mu yi misali. A ce wani dattijo yana da gandu mai eka 12, yana nomawa tare da 'ya'yansa maza huɗu. Gero da dawa sukan kai su wata kaka, wake da gyaɗa su biya haraji da tufafi, kowane ɗa kuma yana da 'yar gayaunarsa. Ran da dattijo ya kwanta dama aka raba gado, in ma an bar rabon mata a gefe domin sauƙin lissafi, kowa ya tashi da eka uku. In kowannensu ya bar 'ya'ya maza huɗu, jika ba zai sami ko eka ɗaya cikakkiya ba. Ƙasar nan tamu kuwa jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa, damina kuma wata uku ce zuwa huɗu. A dā in gona ta gaji sai a bar ta saura, ta huta shekara biyu ko uku. Yau wa ke da filin da zai bari ya huta? Sai dai taki, shi kuwa buhun takin zamani ya fi ƙarfin mai eka ɗaya. Daga nan sai a ci burtali, a ci makiyaya, shanu su rasa hanya, a wayi gari manomi da makiyayi waɗanda kakanninsu suka yi musayar nono da hatsi suna gaban alƙali.

Ga jikan nan mai guntuwar gona, hatsin rumbunsa yakan ƙare tun kafin a yi shuka. Abin da ya rage masa shi ne ya shiga mota.

Ci-ranin da ba a dawowa

Ci-rani tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma dabara ce mai kyau. Da an gama kaka sai magidanci ya tafi birni, ya rage wa rumbu baki ɗaya, ya samo kuɗin gishiri da na garma, da hadari ya fara haɗuwa ya komo gida. Kano ta saba da wannan tun zamanin ayari. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga birnin a 1851, ya kiyasta mazaunansa dubu 30, ya ce kuma a lokacin fatauci sukan kai ninki biyu. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, daga baya masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka riƙa ɗaukar leburori. Fari na 1973 da na 1984 ya koro mutane da yawa daga karkara, daga cikinsu har da 'yan'uwanmu na Nijar, waɗansu kuma ba su sake komawa ba. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye sun tashi da mutum miliyan 2 da dubu 800.

Sai dai mutane sun ci gaba da zuwa bayan aikin ya daina ƙaruwa. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga rashin wutar lantarki, ga kayan waje masu araha, masaƙu da masana'antu da yawa suka rufe. A Ingila masana'anta ce ta jawo manomi zuwa birni. A wurinmu yawanci yunwa ce take turo shi, ya iso ya tarar babu mai jiransa. Sai ya kama dako a Dawanau ko Singa, ko tura kurar ruwa, ko gadi, ko yankan farce.

Duk wanda ya shiga Kano ta hanyar Dambatta ya ga sakamakon da idonsa. Daga Dawanau zuwa Bachirawa, Rijiyar Lemo har Kurna, gari ya haɗe, babu gona a tsakani. Yawancin unguwannin bayan titi awon igiya ne, watau mai gona ne ya yanka filaye ya sayar ba tare da taswirar hukuma ba. Ba a bar wurin makaranta ba, ba a bar magudanar ruwa ba, wani lungun ko motar asibiti ba ta shiga. Na taɓa haɗuwa da wani tsohon ɗalibina a wajen, yaro mai ƙoƙari a lissafi, yana tura kura da jarka goma sha biyu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Malam, mu bakwai ne a ɗaki ɗaya, duk 'yan garinmu.” Na tambaye shi ko zai koma gida da damina. Ya ce gonar tana hannun jingina.

Inda siyasa ta shigo

A nan ne nake so ɗalibai su natsu, domin nan ne littattafai kan yi sauri. A ƙasarmu yawan jama'a yana cikin ma'aunin da ake raba kuɗin tarayya da shi, da shi ake yanka mazaɓu, da shi kuma ake neman sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma. Saboda haka ƙidaya ta zama kokawa. An soke ta 1962, aka sake a 1963, Firimiyan Jihar Gabas Michael Okpara ya ƙi amincewa da sakamakon, rigimar kuma tana cikin abubuwan da suka raunana jamhuriya ta farko kafin juyin mulkin 1966. Ta 1973, Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975. A 2006 da aka ce Jihar Kano ta ɗara Legas, gwamnatin Legas ta ce ba ta yarda ba, ta fito da nata adadin. Kowa yana so a ce mutanensa suna da yawa ranar rabo. Amma ba kowa ke tambayar aji nawa da gadon asibiti nawa mutanen nan suke bukata ba.

Ga kuma wani ƙulli wanda ya shafe mu kai tsaye. Ranar 27 ga Agusta 1991 Janar Ibrahim Babangida ya cire Jigawa daga Jihar Kano. Mutumin Babura da ke zaune a Kurna ya kwana ɗan jiha, ya tashi baƙo. Ma'aikatan gwamnati 'yan asalin wannan yanki aka tattara su zuwa Dutse. Har yau ɗan da aka haifa a Kano, in zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, akan tura shi ƙaramar hukumar kakansa ya karɓo takardar shaidar asali. 'Yan'uwanmu na ikilisiyoyin Sabon Gari, waɗanda kakanninsu suka zo daga Filato ko Kudu, sun fi kowa sanin wannan. To, dubi halin ɗan ci-rani. Sunansa da ƙuri'arsa suna ƙauye, jikinsa da bukatunsa suna birni. Kansilan unguwar da yake kwana bai san da shi ba, domin ba ya zaɓensa. Na ƙauyensu kuwa ba ya ganinsa sai ranar da aka aiko mota ta kwaso masu zaɓe.

In ya ƙara gaba zuwa Kudu, abin ya fi haka. A watan Agusta 2019 jami'an Jihar Legas sun tsare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa, da babura 48. Da aka bincika ba a same su da wani abin laifi ba, masu neman aikin acaɓa ne, aka sake su. Amma sai da aka jera su aka ɗauki hotonsu, duniya ta gani.

Taron samari marasa aiki, waɗanda ba mai lissafi da su, itace ne busasshe. Da yawa daga mabiyan Maitatsine a tarzomar Disamba 1980, wadda ta ci rai fiye da dubu huɗu a Kano, matasa ne da suka shigo daga karkara. Daga irin wannan taro ne ɗan siyasa kan ɗebi 'yan jagaliya da kuɗin da bai kai na buhun gero ba. A Agusta 2024 ma, zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe ta zama fashe-fashe, har aka sa dokar hana fita a Kano da Jigawa.

Wani zai ce, ai yankinmu ya yi gwamnoni. Gaskiya ne. Ibrahim Saminu Turaki na Kazaure ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Muhammad Badaru Abubakar na Babura kuma daga 2015 zuwa 2023. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Kazaure, a 2021 kuma aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya a Babura. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma ku koma ga lissafinmu. Tsakanin 1991 da 2006 Jigawa tana ƙaruwa da mutum wajen dubu 100 kowace shekara. A ce kashi ɗaya cikin uku 'yan makaranta ne, aji kuma yana ɗaukar yara 50. Ana bukatar sababbin azuzuwa fiye da 600 ke nan duk shekara, da malamansu, domin kawai a tsaya inda ake. Irin wannan aiki ya fi wa'adin gwamna ɗaya tsawo, ɗan siyasa kuwa ya fi son abin da zai yanka wa kirtani kafin zaɓe.

Batun tsarin iyali

Na san wannan magana tana da nauyi a majami'a da masallaci duka, ba kuwa zan yanke wa kowa hukunci a shafin makaranta ba. Haihuwa kyautar Allah ce, babu mai gardama. Sai dai mu tuna da Yusufu a Masar, wanda ya auna shekarun ƙoshi da na yunwa, ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa, ba wanda ya ce rashin bangaskiya ne ya sa shi yin tanadi. Ƙasar Sin ta bi hanyar tilas, ta kafa dokar ɗa ɗaya wajen 1980, ta janye ta a ƙarshen 2015 bayan ta ga tsofaffi suna ƙaruwa, masu aiki kuma suna raguwa. Bangaladash kuwa, ƙasar Musulmi matalauta, inda mace kan haifi fiye da shida a shekarun 1970, ta sauko zuwa wajen biyu ba da bulala ba. Ta sa 'yan mata a makaranta, ta aika ma'aikatan lafiya mata gida gida, mata kuma suka sami aikin ɗinki. Uwar da ta tabbata ɗanta zai rayu, ta kuma iya karanta katin asibiti, ita da mijinta sukan yi nasu lissafin. Wannan ya sa nake jin ciwo duk lokacin da aka cire yarinya daga aji uku domin aure, ko a gidan Kirista ne ko na Musulmi.

Aikin hutu

Kowane ɗalibi na aji huɗu zuwa shida ya sami dattijo mafi tsufa a gidansu, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi dami nawa gandun gidan yake bayarwa sa'ad da yake saurayi, mutum nawa ne suke ci daga ciki, kuma gida nawa aka raba gonar yau. Sa'an nan ya rubuta adadin 'yan gidan da ke Kano, Legas, Abuja ko wani wuri, da sana'ar kowannensu, da inda kowa ya yi rajistar zaɓe. Ba a bukatar sunaye. A kawo mini a makon farko na komawa makaranta, za mu haɗa su a allo mu fitar da namu adadin.