YADDA AKE MAI DA HOTO ZANEN YANKA A KATAKO

Akwai wani irin zarto mai siririn ruwa kamar tsinke, wanda yake hawa da sauka a tsakiyar wani ɗan teburin ƙarfe. Akwai mai aiki da lantarki, akwai wanda ake takawa kamar keken ɗinki. Da shi kafinta yake iya fitar da kamannin mutum ko na gini a jikin filawud. Amma ba a ɗora hoto a kan katako hakanan a hau yanka. Sai an mai da shi zane tukuna, a nan ne kuwa yawancin masu koyo suke yin hasara.

Dalili shi ne, hoto yana da baƙi da fari da inuwa iri iri a tsakaninsu, amma katako abu biyu kaɗai ya sani, watau ko a yanke wuri, ko a bar shi. Inda aka yanke shi ne zai zama baƙi, gama daga baya za a liƙa baƙin allo a bayansa. Inda aka bari shi ne fari.

Saboda haka a zaɓi hoton da haske ya bugi mutum ta gefe guda, irin na safe ko na la'asar. In hoton wani ne, lalle a nemi yardarsa. A kai wa masu fotokwafi su ƙara masa girma daidai da allon da za a yanka. Sa'an nan a shimfiɗa takarda shara-shara a kansa, mai zane ya ɗan kanne idanunsa har ƙananan abubuwa su ɓace masa, ya cike wuraren da suka yi duhu da fensir. Wanda yake da kwamfuta yana iya yin wannan da GIMP, wadda kyauta ake samunta, tana raba hoto baƙi da fari nan take.

Sai dai a lura, in aka sakar wa kwamfuta hoton baƙar fata mai farar riga da rawani, sau da yawa sai ta mai da fuskar duka baƙi ƙirin. In an yanka haka, rami ne kawai za a samu a ƙarƙashin rawani. Maganinsa a ware fuska daban, a ƙara mata haske har goshi da karan hanci da kumatu su fito fari, sa'an nan a koma kan tufafi. Aikin zare na hula kuwa a rage shi ƙwarai, layi uku ko huɗu sun isa.

Yanzu ga babban abin da ya kamata a kiyaye. Kowane farin wuri tilas ya zama yana haɗe da sauran katako. Wanda baƙi ya kewaye shi ta ko'ina, da zarto ya gama zagaye shi sai ya faɗi ƙasa. Haka ɗigon hasken da yake cikin ƙwayar ido yake faɗuwa, haka haƙora, wani lokaci ma fuska ɗungum, in gashi da gemu sun haɗe. Mutum ya yi kwana biyu yana yanka hoton mahaifinsa, a sa'ar ƙarshe hanci ya zube, ba shi kuwa gyaruwa yadda ba za a gane ba. Don haka tun a takarda mai zane ya sa yatsa a bakin zanen, ya bi fari har ya kai kowane farin wuri ba tare da ya ƙetare baƙi ba. Inda ya kasa, sai ya bar siririyar gada ta fari, mai faɗin kamar milimita 3. A sa ta inda ido ba zai ƙi ta ba, kamar kan tamojin fuska ko ninkin riga.

In zane ya kammala a liƙa shi a filawud mai kaurin milimita 3, wanda ba shi da kogo a ciki. Ana iya haɗa allo uku a ɗaure su da ƙananan ƙusoshi a kusurwa, su ƙarfafa juna, a kuma sami hoto uku da yanka ɗaya. A huda kowane baƙin wuri, a zura ruwan zarto ta hudar, haƙoransa suna duban ƙasa. A fara da idanu da ƙananan ramukan tsakiya tun allo yana da ƙarfi, manya su zo daga ƙarshe. Kada a tura katako da ƙarfi, ruwan zai karye.

Mai koyo ya fara da gini, kamar Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda inuwarta take fita sosai da la'asar. In layi ya ɗan kauce a jikin gini ba mai ganewa, amma a fuska kaucewa kaɗan a gefen ido ta isa ta mai da mutum wani daban.