Soyayyen kabeji: abincin dare na minti goma a lokacin garka

Kabeji, wanda mutanen Nijar suka fi kira shu, ganye ne mai son sanyi. A ƙasar Arewa ta jihar Dosso ana yafa irinsa bayan ɗaukewar damina, a dasa shi cikin Oktoba da Nuwamba, ya ƙulla kai a wata biyu zuwa uku, daga Disamba har Maris kuma ya cika kasuwanni. Abin da ya ba yankin wannan dama shi ne Dallol Mauri, tsohon kwarin da ya ratso ta Matankari da Dogon Dutsi (Dutsi a taƙaice) ya gangara kudu ta Kore Mairuwa, Tibiri da Geceme, inda a wurare da yawa ruwan rijiya ba shi da nisa. Noman rani ya ƙara ƙarfi a Nijar bayan farin 1984, a zamanin mulkin Seyni Kunce, kuma tun daga lokacin garake suka yawaita a faɗin kwarin da kewayen Tapkin Saw na Dutsi. A yau kabeji na zaune a kasuwa gefe da gefe da dankalin turawa, albasa, karas da salati, idan kakarsa ta kama kuwa yana cikin kayan garka mafi araha.

Araharsa ba ta sa ana cin moriyarsa yadda ya kamata ba. Masu aikin wayar da kai kan abinci, idan suka shiga gidaje, abu biyu suke yawan tararwa. Ko dai a jefa shi cikin miya tun farko ya yi ta tafasa har awa guda, ko a dafa shi a ruwa mai yawa a tsiyaye ruwan a zubar kafin a yi kwaɗo. Wasu har kanwa suke sa masa don ya yi saurin laushi. Duka ukun hasara ce. Ɗanyen kabeji giram 100 yana ɗauke da bitamin C kusan miligiram 36, wannan bitamin kuwa yana narkewa cikin ruwa, zafi mai tsawo yana lalata shi, kanwa ma tana ƙarasa shi. Warin nan da ke korar yara daga kwano shi ma daga doguwar dahuwa yake fitowa, domin ganyen na da sinadarin farar wuta da ke tashi idan ya daɗe a kan wuta.

Bitamin C na da muhimmanci na musamman a inda cimakar yau da kullum hatsi ce da wake. Dukansu biyu suna da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, amma jiki ba ya iya tsotsar mafi yawansa. Idan aka ci su a zama ɗaya da abin da ke da bitamin C, abin da jiki ke samu yana ƙaruwa. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin mata masu ciki da ƙananan yara a Nijar, don haka kwanon kabeji kusa da shinkafa da wake ko tuwon hatsi ba ƙaramin taimako ba ne, muddin ba a kashe amfaninsa a tukunya ba.

Suyar gaggawa ita ce hanyar da ta fi tsare wannan amfanin. Mutanen Sin ne suka shahara da ita, suna yin ta a kasko mai faɗi da zurfin tsakiya, kusan irin kaskon ƙosai da ke kowace unguwa a nan. Ƙa'idarta ba ta da wuya: wuta mai ƙarfi, mai kaɗan, yanka siriri, juyi ba tsayawa. Ba a zuba ruwa, ba a rufe kasko.

Aikin yana farawa tun daga kasuwa. A zaɓi kan da ya ƙullu sosai, mai nauyi a hannu, wanda gindinsa bai yi baƙi ba. Ƴan hujin tsutsa a ganyen waje ba aibi ba ne. Abin gudu shi ne kan da ke warin magani ko mai farar ƙura-ƙura a jikin ganye. Kabeji na cikin kayan garka da aka fi fesa wa magani saboda wata ƙaramar tsutsa da ke cinye ganyensa, kuma ba kowane mai garka ke jiran kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi na ƙarshe da yanka ba. Ƙungiyar RECA ta zaurukan manoman Nijar ta daɗe tana gargaɗi a kan magungunan da ba su da izini da ke yawo a kasuwanni. Wanki na rage abin da ke saman ganye, amma ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga jikin shuka. Saboda haka tambayar mai garka ranar da ya yi feshin ƙarshe haƙƙin mai saye ne, bai kamata a ji nauyin yin ta ba.

A gida a cire ganye biyu ko uku na waje a yar. A tsaga kan gida huɗu, a fitar da tauri na tsakiya, a wanke da ruwa mai tsabta tun kafin a yanka. Wanke shi bayan yanka na tafiya da bitamin ta bakin yankan. Daga nan a yanka siriri, faɗin bai kai rabin yatsa ba, a baza a kwando ya tsane. Wannan tsanewar ita mata da yawa ke tsallakewa don sauri, alhali jiƙaƙƙen kabeji yana kashe zafin mai nan take, sai suya ta koma dahuwa.

Kai ɗaya mai kimanin kilo 1 ya ishi mutum biyar ko shida. Yana buƙatar man gyaɗa cokali 3, albasa 2, karas 2, tattasai, attarugu gwargwadon bakin gida, tafarnuwa, ɗan citta da daddawa. Duk a yanka a jera kusa da murhu kafin a ɗora kasko, don da zarar an fara babu sararin komawa ga wuƙa. Wutar da ake so mai harshe ce. Ƙananan itace ko karan hatsi sun fi gungume dacewa, mai gas kuma ta buɗe shi sosai.

Idan mai ya yi zafi, a zuba albasa a juya minti ɗaya, a bi ta da tafarnuwa, citta, attarugu da dakakkiyar daddawa. Karas ya shiga gaba da kabeji saboda ya fi shi tauri, man kuma yana taimaka wa jiki ya amfana da bitamin A da ke cikinsa. Bayan minti biyu sai kabeji da tattasai. A riƙa juyawa daga ƙasa zuwa sama na minti huɗu zuwa shida. Alamar ya yi ita ce ya rusuna, yana sheƙi, launinsa bai dushe ba, kuma har yanzu yana ɗan ƙaras-ƙaras a haƙori. Idan kaskon ƙarami ne, gara a soya sau biyu da a cika shi maƙil, domin cikakken kasko tururi yake tarawa. Gishiri a ƙarshe yake shiga, don yana jawo ruwan ganye waje. A yi amfani da gishiri mai aidin, kuma a yi hattara da haɗa shi da dunƙulen magi da yawa, tunda shi ma rabinsa ko fiye gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Matsin lemun tsami bayan an sauke yana ɗaga ɗanɗano har a ga ba a buƙatar ƙari.

Akwai iyakar da ya wajaba a sani. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kabeji ruwa ne, giram 100 kuma bai wuce kalori 25 ba, sinadarin gina jiki a cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Yana cika ciki ba tare da ya ƙosar ba. Don haka ba a barin sa shi kaɗai a matsayin abincin dare, musamman ga yaro, mai ciki da mai shayarwa. Maganin wannan na nan a gida: dakakken ƙuli-ƙuli cikin tafin hannu biyu a barbaɗa bayan an sauke, ko dafaffen waken da ya rage da rana, ko ƙwai biyu a fasa a gefen kasko, ko awara, ko busasshen kifi. A ci da shinkafa, dambu, dankalin Dutsi, taliya ko jiƙaƙƙen garin rogo. Yaron da ya kai wata 6 zuwa sama a ɗebi nasa kafin a sa yaji, a ƙara masa dahuwa kaɗan, a murƙushe a haɗa da abincinsa mai kauri, ana ci gaba da ba shi nono.

Wanda kabeji ke kumbura wa ciki ya fara da kaɗan, yawanci jiki na sabawa. Mai shan maganin tsinka jini ya sanar da likitansa, saboda bitamin K na ganyen na iya taɓa aikin maganin.

Soyayyen kabeji ba abin ajiya ba ne. A yi shi daidai cin dare, a ci da zafinsa. Inda babu firji, abin da ya wuce awa biyu a ajiye bai dace a ba yara ba. Sauran kan da ba a yanka ba a naɗe shi da tsumma mai laima a sa a inuwa, zai kai kwana biyu ko uku a lokacin sanyi. Ana kira ga matan gida da ƙungiyoyin mata na Dutsi da Tibiri su sa wannan suya cikin girkin mako tun daga Disamba, kafin zafin Afrilu ya ɗauke kabeji daga kasuwa.